Madatsun Adar da aljihun gwamnati: wa zai biya kuɗin gyara?

A wannan mako za mu dubi wata magana da ake yawan ji a rediyo, amma ba kasafai ake kawo ta inda ɗan kasuwa da ma'aikaci za su auna ta da tiyarsu ba, wato maganar kuɗin da ƙasa ke kashewa, ko take alkawarin kashewa, domin tinkarar sauyin yanayi. Duk lokacin da aka yi taro a Yamai ko a wata ƙasar waje, mukan ji ana ambaton miliyoyi da miliyar-miliyar har kunne ya gaji. Abin da ba a faye ambata ba shi ne wanda zai riƙa biyan kuɗin kula da ayyukan bayan an yanke ƙyalle, an tafa, baƙi sun shiga motocinsu sun tafi. Domin gane nauyin wannan tambaya, babu inda ya fi dacewa mu leƙa kamar Tamaske da sauran ƙasar Keita, inda aka share shekaru 40 ana gwada abin da yau ake kira manufar kare yanayi, tun kafin a raɗa mata wannan suna.

Dattawa sun san yadda shekarar 1984 ta kasance a Adar. Jama'a ba su gama farfaɗowa daga farin 1973 da 1974 ba, sai ga wani ya auko: damina ta ƙi, rumbuna suka wofinta, Najeriya kuma ta rufe iyakarta a shekarar, abin da ya sa aka laƙaba wa yunwar sunan El Buhari. Maza majiya ƙarfi suka watse bida, aka bar mata da tsofaffi da yara a gida. A watan Mayu na wannan shekara gwamnatin Seyni Kunce ta tara manyan ƙasa a Maraɗi domin shawara kan gurgusowar hamada, taron da ya haifar da abin da ake kira Alkawarin Maraɗi. A cikin shekarar ce kuma aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita, wanda ƙasar Italiya ta ɗauki nauyin kuɗinsa, hukumar FAO ta riƙe ragamarsa, hukumar PAM kuwa ta riƙa ba da cimaka a matsayin ladan aiki, irin abin nan da mutanenmu ke kira gina-ka-ci.

Aikin da aka yi ba ƙarami ba ne, kuma wanda ya ce ba a yi komai ba bai yi adalci ba. A kan fako da gangaren duwatsu aka haƙa ramukan tare ruwa, aka jera kunyoyin dutse, aka dasa itatuwa. A cikin ƙoramu aka gina madatsu, wasu na tara ruwa, wasu na rage masa gudu su baza shi cikin fadama. Daga baya aikin ya zarce ƙasar Keita, ya shiga Buza da Abalak. Cikin kimanin shekaru 20 an farfaɗo da ƙasa sama da hekta 30,000, an dasa itatuwa wajen miliyon 18, an gina ɗaruruwan rijiyoyi, an fitar da ɗaruruwan kilomita na hanyoyin karkara, ban da ɗakunan karatu da na shan magani. Mafi yawan hannayen da suka ɗauki waɗannan duwatsu hannayen mata ne, na Tamaske da Garhanga da Ibohaman da Keita, waɗanda suka yi ta dakon dutse a ka cikin rana domin su koma gida da abin sa wa a tukunya.

Ya kamata mai karatu ya fahimci yadda madatsar baza ruwa ke aiki, domin nan ne maganar ta shafi aljihunsa. Ruwan sama a Adar yakan sauko da ƙarfi cikin ɗan lokaci, ya gangaro daga tudu a guje, ya yashe ƙorama, ya wuce bai jiƙa ƙasa ba. Idan ya tarar da madatsa sai ya lafa, ya bazu a fadama, ya zubar da laka mai taki, ya nutse a hankali. Wannan ruwan da ya nutse shi ne mai lambu ke jawowa daga rijiya marar zurfi da rani, shi ne ke zama albasa da tumatir da kabeji. Albasar jihar Tawa, tun daga ta Galmi har ta kwarin Tarka a ƙasar Madawa da ta fadamun Tamaske, ita ce ke cika manyan motoci zuwa Gana da Kwaddibuwa da Binin da Najeriya. Kowane buhu da aka ɗora ya ciyar da manomi da ɗan dako da dillali da direba, kuma ya bar wani abu a akwatin duwan da na ƙaramar hukuma. Ashe ke nan dutsen da wata baiwar Allah ta ɗauka a ka shekaru 30 da suka wuce har yau yana biyan haraji.

To, amma da kuɗin wa aka yi aikin? Gomman miliyoyin dalar Amurka da aka kashe, galibinsu daga waje suka zo. (Mu lura, dalar da ake nufi a nan ta Amurka ce, kada a rikita ta da dalarmu ta tamma biyar.) Motocin haƙa, man fetur, ragar ƙarfen da ake cikawa da duwatsu, albashin injiniyoyi, buhunan cimaka, duk a kan asusun masu ba da agaji suka hau. Hukumar FAO ta janye hannunta a wajejen ƙarshen shekarun 1990, Italiya ta ci gaba da tallafi na wasu ƴan shekaru da wani sabon tsari, daga bisani aikin ya kai ƙarshensa kamar yadda kowane aikin agaji ke kaiwa. Madatsu kuwa ba su san ranar ƙarewar yarjejeniya ba. Ragar ƙarfe tana tsatsa ta tsinke, ruwa yana cin gefen gini har ya samu hanyar kewayewa, yashi yana cike tafki shekara bayan shekara. Ɓarakar da mutum goma za su toshe cikin mako guda da siminti kaɗan, idan an bar ta damina biyu, sai ta koma aikin kamfani da injuna. Wanda ya bi ƙoramun Adar a yau zai ga madatsun da ke tsaye suna aikinsu, zai kuma ga waɗanda ruwa ya kewaye ya bar su a tsakiyar yashi kamar kufai. Hausawa suka ce tun ran gini tun ran zane. Ranar da aka aza tubalin farko ya kamata a ce an rubuta sunan wanda zai biya kuɗin gyara.

Wannan darasi na Keita shi ne ma'aunin da ya kamata mu ɗora alkawuran ƙasa a kai. Nijar ta kafa majalisar kula da muhalli ta CNEDD a 1996, ta tsara shirin farko na jure wa sauyin yanayi a 2006, ta amince da yarjejeniyar Paris a 2016. A 2021 ta miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya sabon kundin alkawuranta, inda aka ƙiyasta cewa ayyukan da ke ciki za su ci kusan dalar Amurka miliyar 10 daga 2021 zuwa 2030. Idan aka yi lissafi da dala ɗaya a kan sefa 600, abin ya tasam ma sefa miliyar 600 a kowace shekara. Kasafin kuɗin ƙasa gaba ɗayansa na 2025 ya ɗan haura sefa miliyar 3,000 ne kawai, kuma a cikinsa ne albashi yake, da tsaro, da lakwal, da asibiti, da biyan bashi. Wato kundin yana neman kwatankwacin kashi ɗaya cikin biyar na kasafin ƙasa. Waɗanda suka rubuta shi sun san haka, shi ya sa suka rataya kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin a wuyan ƙasashen waje. Sauran rubu'in da ƙasa ta ce za ta biya da kanta ma, wajen sefa miliyar 150 ne a shekara, kuɗin da ba a tsinta a hanya.

Neman kuɗin daga waje yana da hujja, domin ɗan Nijar yana cikin mutanen da suka fi kowa ƙarancin fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya, kuma yana cikin waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsa. Sai dai hujja daban, kuɗi a hannu daban. A Kopenhagen a 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala miliyar 100 a kowace shekara kafin 2020, ba su cika adadin ba sai 2022, kuma babban kaso na abin da aka ƙirga rance ne. A Yamai a watan Fabrairun 2019 shugabannin ƙasashen Sahel suka amince da tsarin zuba jari na wajen dala miliyar 400. A Paris a watan Janairun 2021 aka yi shelar dala miliyar 14 domin shingen itatuwan nan da ake son ya ratsa Afirka daga Senegal zuwa Jibuti. A Baku a 2024 aka sake ɗaga alkawari zuwa dala miliyar 300 a shekara kafin 2035. Mai lambu a Tamaske yana da damar tambaya: a cikin duk waɗannan, nawa ne ya iso bakin ƙoramarsa?

Abin da ya faru a 2023 ya isa ya buɗe idon kowa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, da takunkumin da ya biyo baya, da dakatar da tallafin ƙasashen waje, hukumomi sun rage kasafin shekarar daga wajen sefa miliyar 3,290 zuwa wajen miliyar 1,980, ragin kashi 40 cikin 100. A irin wannan hali kowace gwamnati takan fara kare albashi da tsaro, kuma ma'aikatan da suka ga watannin da aka riƙa bin bashin albashi a shekarun 1990 ba za su ga laifin haka ba. Abin da ake fara yankewa shi ne wanda ba ya kuka a ranar: fentin makaranta, cikon ramin hanya, gyaran madatsa. Wannan fili bai zo yanke hukunci kan siyasar wancan lokaci ba. Abin lura kawai shi ne, aikin da rayuwarsa ta rataya ga kuɗin wani yakan tsaya ranar da aka ɓata da mai kuɗin, kuma zanen aro ba ya rufe katara.

Akwai kuma maganar bashi, wadda ƴan kasuwa suka fi kowa sanin ɗacinta. A farkon watan Yulin 2023 asusun FMI ya amince wa Nijar da wajen dala miliyon 131 a ƙarƙashin wani sabon tsari na taimaka wa ƙasashe su jure wa sauyin yanayi. Sharuɗɗansa masu sauƙi ne, wa'adinsa shekaru 20, amma rance ne, kuma da kuɗin waje za a biya shi. Waɗanda suka ga faɗuwar darajar sefa a watan Janairun 1994 sun san yadda bashin waje ke ninkuwa cikin dare ɗaya. Cin bashi domin gina abin da zai daɗe yana amfani ba aibu ba ne. Kowane attajiri yana yin haka. Asara ita ce a ci bashin shekaru 20 a gina madatsar da za ta rushe cikin shekaru 10 saboda rashin gyara, ƴaƴanmu su biya kuɗin abin da ba su tarar ba. Saboda haka idan aka yi shelar an samo wa ƙasa kuɗin yanayi, tambayar farko ita ce: kyauta ne ko rance?

Wani zai ce baitulmali ba shi da halin ƙara wani nauyi, ga matsalar tsaro, ga yara da ke karatu a rumfunan kara, ga asibitoci babu magani. Maganarsa gaskiya ce, sai dai ta manta cewa kuɗin yanayi ana biyan su ko an shirya ko ba a shirya ba. A daminar 2024 ambaliya ta shafi mutane sama da miliyon ɗaya a faɗin ƙasa, sama da 300 suka rasa rayukansu, tsohon masallacin Damagaram ya rushe, aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba saboda azuzuwa sun lalace ko sun cika da waɗanda suka rasa muhalli. Gwamnati ta raba cimaka, ta gyara hanyoyin da ruwa ya yanke, ta kuma rage farashin siminti tare da yafe wa masana'antunsa wasu haraji domin jama'a su sake gini. Duk wannan kuɗi ne da ya fita daga baitulmali ko ya kasa shiga cikinsa, kuma ba a tsara shi a farkon shekara ba. Madatsar da ke tsaye ba za ta hana kowace ambaliya ba, amma tana rage wa ruwa ƙarfi kafin ya kai ga gada da gari. Rigakafi dai ya fi magani, kuma a nan ya fi shi araha.

To, wa ya fi kusa da madatsa da zai ga tsagewarta tun tana ƙarama? Ƙaramar hukuma ce da mutanen gari. Tun zaɓen 2004 aka kafa majalisun ƙananan hukumomi, a 2008 aka kafa hukumar ANFICT domin isar musu da kuɗi, a 2016 kuma aka miƙa musu wasu ayyuka na ilimi da lafiya da ruwa da muhalli. A watan Afrilun 2024 aka rusa majalisun, aka naɗa masu riƙon ƙwarya. Ko da zaɓaɓɓe ko da naɗaɗɗe, lissafin akwatin bai sauya ba. Ƙidayar 2012 ta nuna ƙaramar hukumar Tamaske na da mutane sama da 100,000. Lanhon da baligi ke biya a karkara bai wuce jikka guda ba a shekara. Mu ƙaddara mutum 50,000 sun biya jikka-jikka babu wanda ya noƙe, sefa miliyon 50 ke nan, kuma daga ciki za a biya ma'aikata, a sayi mai, a gyara rijiya, a yi wa lakwal rufi. An miƙa wa ƙananan hukumomi kaya, amma jakin da zai ɗauka bai iso ba tukuna.

Ƙasarmu ta kuma nuna inda gyara ba ya cin kuɗin gwamnati sosai. A kwarin Majiya na ƙasar Buza, tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro domin kare gonaki daga iska, da taimakon ƙungiyar CARE, kuma da itatuwan suka girma jama'a suka samu itacen gini da na wuta. A ƙasar Illela, bayan wasu manoma sun ziyarci Yatenga ta Burkina Faso a ƙarshen shekarun 1980, dabarar tassa ta bazu daga gona zuwa gona, har fakon da ba wanda ke kallo ya yi daraja ana saye ana sayarwa. A Maraɗi da Damagaram, sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa a gona ana yi musu aski, ya mayar da itatuwa wajen miliyon 200 a kan hekta wajen miliyon 5. Sirrin duka ɗaya ne: inda mutum ya tabbata amfanin abu nasa ne, ba ya jiran kowa ya biya shi kafin ya kula da shi. A irin wannan fage abin da ake bukata daga hukuma shi ne doka mai tabbatar wa manomi itacensa, da malamin gona mai babur da man zagayawa. Madatsa kuwa ta kowa ce, ta fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma abin da yake na kowa, idan ba a ɗora shi a wuyan wani da sunansa ba, yakan zama marar mai shi.

Ga ma'aikatan da ke tsara kasafi a Yamai da Tawa, shawararmu ita ce kada a sa hannu kan wata yarjejeniyar gina madatsa ko farfaɗo da ƙasa sai an rubuta a ciki nawa gyaranta zai ci a kowace shekara, da kuma asusun da kuɗin zai fito bayan tafiyar mai agaji. A buɗe layi na musamman a kasafin ƙasa domin kula da ayyukan ruwa da ƙasa da aka riga aka gina, daga kuɗin shiga na cikin gida, a kuma kare shi daga almakashi yadda ake kare albashi. Tun da ƙasa ta fara fitar da ɗanyen mai ta bututu a 2024, ware wani ɗan kaso daga abin da ke shigowa domin riƙe ruwa a fadamu zai fi kowace shela nuna cewa da gaske ake. Kafin a nemi kuɗin sababbin madatsu, a fara ƙirga tsofaffin, a san wadda ke lafiya da wadda ke jinya. Kuɗin kuma ya sauka har ƙaramar hukuma kafin watan Afrilu, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ba a gyaran madatsa ruwa na gudu.

Ga ƴan kasuwa kuwa, musamman na albasa, wannan magana tasu ce kafin ta zama ta kowa. Attajiran Tamaske da ke Yamai da Abijan da Kano sun saba haɗa kuɗi su gina masallaci ko ɗakin karatu a gida, kuma Allah ya saka musu. Riƙe ruwan da garin ke rayuwa a kansa yana cikin wannan sahu na alheri. Idan za a ɗora wani ɗan abu a kan kowane buhu domin asusun gyara, to a yi shi da sharaɗi: manoma da ƴan kasuwa su zauna a kwamitin da ke riƙe da asusun, a liƙa lissafin shiga da fita a bangon ma'aikatar magajin gari, a karanta shi da Hausa a rediyon karkara. Mai biyan fatanti da kuɗin duwan yana da haƙƙin ya ga inda kuɗinsa ya shiga, kuma mutanenmu ba sa ƙin biya idan sun ga aiki da idonsu.

Matan da suka ɗauki duwatsun Keita a 1984 sun biya nasu kason da wuyansu da bayansu, da yawa daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Mutanen Italiya sun biya nasu da harajinsu. Kason da ya rage shi ne na gyara, kuma babu wani taron duniya da zai ɗauke mana shi. Lokacin da za a fito da kasafin shekara mai zuwa, muna roƙon masu karatu da ke da halin ganin kundin su duba mana layin kula da madatsu, su rubuto wa wannan fili adadin da suka gani.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.